Wai in aka ce ba za ka mutu ba, za ka yarda?

Ɗan Ƙofar Mata:
Salamu alaikum. Jiya ina latse-latsen waya na ci karo da labarin wani attajirin Amurka, Bryan Johnson, mai kashe kusan dala miliyan 2 duk shekara don kada ya tsufa. Har ruwan jinin ɗansa aka taɓa ƙara masa. Na ba kakata labarin, tana zaune ana goga mata goro, don haƙoran sun daɗe da yin sallama. Ta haura 90. Sai ta yi dariya ta ce, "Wannan bai binne ɗa ba ne." Ita ta binne huɗu cikin bakwai, kuma ta ce abin da ya fi ci mata rai, yau duk duniya babu mai kiranta da sunanta na yanka, kowa sai Hajiya. Tun jiya maganar ke min yawo a ka. Dawwama ni'ima ce ko azaba?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai da wannan kwaɗayin Iblis ya shigo wa Annabi Adamu. Duba Suratu Ɗaha aya ta 120, bishiyar dawwama ya yi masa tayi da mulkin da ba ya ƙarewa. Annabi Nuhu shekara 950 ya yi cikin mutanensa, shi ma ya tafi. Dawwama tana nan, amma a lahira. Hadisin Muslim ya ce aiki na yankewa sai uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Shehu Ɗanfodiyo ya rasu 1817, har gobe ana karanta littattafansa a zaure.

Maman Biyu:
Allah ya gafarta Malam, haka ne. Amma ni maganar Hajiya ce ta tsaya min. Matar nan 'yar Faransa, Jeanne Calment, da ta kai 122 kafin ta rasu a 1997, ita ma sai da ta ga mutuwar 'yarta tilo da jikanta. Na yi jinyar surukata shekara uku, ni ke juya ta a gado. Kullum addu'arta cikawa da imani, ban taɓa jin ta roƙi ƙarin kwana ba.

Na Bakin Tasha:
Ni da albashi ba ya kai ni 20 ga wata, a ce kuma har abada? A kai kasuwa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Ɗazu na gwada kiranta da sunan nata. Ta jefe ni da mafici, ta ce ba ni da kunya. Amma na ga tana murmushi.