Nijar gudu ta yi ko ficewa?

Ɗan Jibiya: Jama'a, raina a ɓace yake. Daren jiya ɓarayin daji sun kore wa yayana shanu 11, har da bijiman da yake huɗa da su. An bi sawu har bakin iyaka, nan kowa ya ja birki, wai gaba ƙasar wasu ce. Ɓarawo ya tsallaka ba wanda ya tambaye shi takarda, mai bin sa kuma sai ya jira izini. Tun da Nijar ta gudu daga rundunar haɗin gwiwa mu na bakin iyaka muka zama marayu.

Ɗan Konni: Allah ya mayar da alheri. Amma "gudu"? Janye kalmar nan, malam. Ficewa muka yi, da rana tsaka aka sanar a watan Maris na 2025, aka ce sojojin za su koma tsaron wuraren man fetur.

Mai Albasa: Wanda ya bar fagen daga ana tsaka da yaƙi, me ake kiransa da Hausa?

Bamaraɗiya: Ka ji tsoron Allah. Tun 2015 'ya'yanmu ke kwanta dama a Bosso da Diffa. Je ka ce wa uwayensu gudu suka yi.

Malamin Firamare: Ku dakata. Rundunar nan ta tafkin Chadi ce, don Boko Haram aka farfaɗo da ita. Hedikwatarta na Ndjamena, sassanta na Mora, Baga Sola, Monguno, da Diffa kafin Nijar ta fice. Ko Nijar na ciki, ba ta zuwa Jibiya. Abin da ya shafi yayanka shi ne zaman da gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara suka yi da na Maraɗi a 2019 kan ɓarayin iyaka. Shi ya kamata mu tambaya ina ya kwana.

Mai Albasa: Malam, ba aji muka zo ba. Gudu ne ko ba gudu ba?

Ɗan Konni: To wa ya fara? Wa ya yanke mana wuta a Agustan 2023? Wa ya rufe iyaka, ya sa CEDEAO, wato ECOWAS, ta ce za ta kawo mana yaƙi? Mahaifiyata na kwance ba lafiya lokacin, da fitilar waya muke ba ta magani. Mai yanke wa maƙwabci wuta shi ne zai koya mana zumunci?

Mai Albasa: Kai ka san abin da rufe iyakar ya yi mini? Ina kallo buhunan albasata suka ruɓe a Illela, har ruwa na fita. Amma wa ya tsare Bazoum?

Bamaraɗiya: Kada ka sa baki a maganar cikin gidanmu. Ku fara gamawa da Turji.

Mai Albasa: Lakurawan da suka addabi Tangaza da Gudu fa, daga ina suka shigo?

Ɗan Konni: Tambayi Faransa. Janar Tiani ya faɗa da bakinsa, da Hausa, a Disambar 2024, cewa da hannunta a ciki, kuma da sanin Najeriya.

Malamin Firamare: Ribadu ma, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, da bakinsa ya musanta. Ina hujja?

Ɗan Konni: Mai gaskiya ba ya bukatar takarda.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ku yi wa Allah. Ni kakata Bakatsiniyar Maraɗi ce, jikokina rabi can rabi nan. Da wa zan yi faɗa?

Bamaraɗiya: Hajiya, ki yi haƙuri, shi ya fara zaginmu.

Ɗan Jibiya: Wallahi ni ban zagi kowa ba. Maganar shanun yayana nake yi. Akwai wanda ya san wani a kasuwar dabbobi ta ɓangaren Ɗan Isa da zai duba mana? Ɗaya bijimin fari ne, ƙahonsa na hagu a karye.

Mai Albasa: Kada ka janye komai, ɗan'uwa. Gudu ne.

Ɗan Konni: Tun da dare ya yi bari in taƙaita. Kowa ya ga an kasa kawo hujjar cewa Nijar ta gudu, Malam ma ya tabbatar rundunar ba ta da amfani. An amince Najeriya ce ta fara ɓata zumunci da yanke wuta. Mai Albasa kaɗai ya ƙi yarda, shi ma haushin albasarsa ne. Ɗan Jibiya, muna jiran ka ba da haƙuri.

Malamin Firamare: Ni ban ce ba ta da amfani ba.