Diyyar Baba ta fito, mu sa hannu ko mu jira?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifina, shekararsa 71, mota ta buge shi a Birmingham ta Ingila a 2023, ƙugunsa ya karye. Tun lokacin yake karɓar Attendance Allowance (tallafin gwamnati ga tsofaffi masu buƙatar kulawa), ga Pension Credit (tallafin tsofaffi masu ƙaramin samu) da yake kai tun kafin haɗarin. Kamfanin inshora ya yi tayin fam 24,000, lauya ya ce gwamnati za ta cire nata. Baba ya ce ya gaji, a sa hannu kawai. Nawa za a cire, kuma za a taɓa masa Pension Credit? Wanda ya taɓa shiga ya taimaka.

Abu Hanan: Allah ya ba Baba lafiya. Ku yi maza ku sa kuɗin a asusun amana, wato inda amintattu ke riƙe masa diyyar don kada a lissafa ta cikin ajiyarsa. Da zarar ajiya ta wuce fam 16,000 komai zai tsaya.

Maman Sadik: Kada ku sa hannu, ɗana! Ni na zame a sito inda nake aiki, bayana ya taɓu, shekara biyu ina zaune. Aka ce min fam 18,000. Har na yi wa Inna alkawarin rufin kwano a Zariya. Ranar da takarda ta zo ina kicin, albasa na kan wuta, na ga an zare kuɗin jinyar da aka riƙa ba ni, lauya ya ɗauki kasonsa, abin da ya shigo bai kai 10,000 ba. Albasar ta ƙone ina tsaye. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi min lissafi tun farko. Na kira ofishin lauyan sau biyar, kullum wai yana ganawa. Har yau bayan nan bai bar ni na yi sujada daidai ba.

Malam Na Leeds: Hajiya, Allah ya musanya. Amma naki daban ne. Sashen DWP (ma'aikatar fansho da tallafi) da ake kira CRU, mai karɓo tallafin da gwamnati ta biya daga cikin diyya, yana bin dokar 1997: inshora ce ke biyansa, sannan ta cire daga ɓangaren da ya dace. Kuɗin rashin aiki daga diyyar albashi, Attendance Allowance daga diyyar kulawa. Diyyar raunin ita kanta ba a taɓa ta. Lissafin yana tsayawa ranar biya ko bayan shekara 5. Pension Credit ba ya cikin abin da ake karɓewa. Abu Hanan, 16,000 ɗin nan na Universal Credit ne, tallafin waɗanda ba su kai shekarun fansho ba, ba na Baba ba. Ɗan Fagge, ka nemi takardar shaidar CRU a wurin lauya kafin komai.

Abu Hanan: Ni dai fam 500 na biya aka buɗe min amanar, na kwana lafiya.

Maman Sadik: 500 a ina? 900 aka ce min.

Gwaggon Yara: Mu lauyanmu bai karɓi ko sisi ba.

Maman Sadik: Malam, kai a takarda ka karanta, ni a jikina na gani.

Malam Na Leeds: Shekara shida ina cike wa tsofaffinmu fom a masallaci, Hajiya. Ban raina abin da ya same ki ba.

Bazazzage: A canja 24,000 zuwa naira, wallahi Baba sai ya ƙara ta biyu a Fagge, ƙugun ma zai warke da kansa.

Gwaggon Yara: Kai dai ba ka da kunya. Amma da ka ambaci gida, ku kula. Mamanmu ta je Umara ta zarce Kano, ta yi wata biyu. Pension Credit mako 4 kawai yake jure tafiya. Ta dawo ta tarar an tsayar.

Abu Hanan: Wanda ya fi ci min rai shi ne fanshon gwamnati. Ka yi shekara 30 kana biyan haraji a Ingila, ka koma Najeriya, a daskarar da shi yadda yake, ba ƙarin shekara-shekara. Wanda ya koma Amurka kuwa ana ƙara masa. Shi ya sa Kawu ya ƙi komawa Katsina, yana nan cikin sanyi.

Ɗan Fagge: Na gode duka. Na aika wa lauya saƙo kan takardar. Malam, tunda Pension Credit ne, amanar nan dole ce? Baba yana gefena yana tambaya.

Gwaggon Yara: Abu Hanan, Kawun naka wace shekara ya fara karɓa?