Neman shawara: tsohon Seiko 5 ko sabon agogo mai injin NH35?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An nuna mini agogo biyu a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, duk marasa batir. Ɗaya Seiko 5 ne ɗan gwanjo, ɗayan sabo ne mai injin NH35, mai shago yana ta yabon ƙananan duwatsu 24 da ke cikin injinsa. Kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne zan ɗauka?

Baba mai gyaran agogo, Aboabo: Wa alaikumus salam ɗana. Rabu da lissafin duwatsu. Aikinsu rage gogayya ne, 17 ma sun ishi injin da ake wa wani (murɗa kan da ke gefen agogo) da hannu. Ka sa a buɗe bayan Seikon. In an rubuta lambar injin, 7S26, a murfi, dole ka ga 7S26 a jikin injin. Akwai tsofaffin agogo da ake harhaɗawa a Indiya, a sake wa fuskar fenti, ciki kuwa tarkacen injuna daban-daban. Duba kan sukurori: in sun ci sukundireba, hannaye da yawa sun shiga. Ɗigon tsatsa ko ɗaya ka gani, ajiye shi, damshin Kumasi zai ƙarasa sauran.

Wani mamba, Adum: Gaskiyar Baba. Shi ma NH35 ɗin na gidan Seiko ne. Duka biyun bugu 21,600 suke yi a awa, wato 6 a sakan. Amma 7S26 ba a yi masa wani da hannu, sai ka girgiza, kuma tsinken sakan ba ya tsayawa in ka ja kan. NH35 yana yin duka biyun, yana riƙe kusan awa 41 a ajiye. Kayan gyaransa ma ba wuya.

Baba mai gyaran agogo: Ka nemi sharaɗin mayarwa. Saita shi da wayarka, ka duba bayan awa 24. NH35 an yarda masa jinkirin sakan 20 zuwa saurin sakan 40 a rana. In yana gudu da mintoci, yawanci maganaɗisu ne ya manne siririn sifirin da ke daidaita bugu. Kusanta agogon da kamfas, allurar za ta motsa. Cire maganaɗisun aikin minti ɗaya ne. In kuwa ya cika wani amma ya tsaya kafin gari ya waye, mai ya bushe ko babban sifirin ya gaji, sai wanki, kuma kuɗin wankin na iya kamo kuɗin agogon.

Wata mamba, Asawase: Ƙanena, ɗauki sabon, amma a buɗe shi ma a gabanka. Ba duk abin da aka kira NH35 ne NH35 ba. Kafin a rufe, a shafa wa robar murfin man silikon.