Taƙaitawa: Shin manajan aikin gini ɗan kwangila ne a dokar amanar kuɗin gini?

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan dokar haƙƙin magina ta 1997 ta lardin British Columbia a Kanada.

1. An yi ittifaƙi cewa sashe na 10 ya mayar da kuɗin da ɗan kwangila ya karɓa a kan aiki amana, kuma ba shi da ikon karkatar da su zuwa wata buƙata kafin ya biya waɗanda ya ɗauka aiki da masu kawo masa kaya.

2. Mafi yawa sun ce kotu tana duba abin da manajan yake yi a zahiri. Idan shi ya sa hannu a yarjejeniyar mai aikin kankare da mai wayarin da sunan kamfaninsa, kuɗin mai gini (wato mamallakin ginin) kuma suka shiga asusun manajan, da wuya ya kuɓuta daga amanar. A ganina wannan shi ne adalci, domin guminsu ne ke cikin asusun.

3. An rabu a kan manajan da ke aiki a matsayin wakilin mai gini kawai, irin na takardar CCDC 5A (wani samfurin yarjejeniyar ɗaukar manajan aikin gini a Kanada). Wasu sun ce mai gini ne ya ɗauki ma'aikatan, don haka amana ba ta hau kan manajan ba. Wasu sun ce kula da aiki ma aiki ne, saboda haka ma'anar ɗan kwangila ta haɗa da shi.

4. An shawarci manajoji su ware asusu ga kowane aiki, masu bin bashi kuma su nemi lauya da wuri, domin wa'adin shigar da ƙarar amana shekara 1 ne bayan kammala babbar kwangilar, wato wadda mai gini ya ba babban ɗan kwangila.