Duwatsun takarda suna warwarewa, kati yana tsagewa a wurin ninki: ina gyaran yake?

Mai Koyo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar hannu. Don Allah a haska mini hanya kan abu biyu. Na farko, duwatsun ado na takarda, irin waɗanda ake naɗewa a yi sarƙa ko abin hannu. Ina yanka takardar mujalla in naɗe a tsinke da farin gam, amma wasu su maƙale a tsinken, wasu kuma bayan kwana biyu bakinsu ya ɗago. Waɗanda suka tsira, da gumi ya taɓa su sai su yi fari su yi danƙo. Ga shi ba sa fitowa girma ɗaya. Na biyu, katin gaisuwar biki: wurin ninkin yana tsagewa, in na manna ado a fuskarsa kuma sai ya gantsare ya ƙi kwanciya. Awo nake so daki-daki, da dalilin kowace matsala. Allah ya saka da alheri.

Anti Mai Duwatsu:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in ɗauki na duwatsun, na katin akwai waɗanda suka fi ni hannu.

Rashin fitowarsu girma ɗaya tun wurin yanka yake farawa. Faɗin gindin zirin takardar shi ne tsawon dutsen, tsawon zirin da kaurin takardar kuwa su ke ba shi ƙiba. Ki ɗauki takarda A4, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7, ki kifa ta. A gefen sama ki sa ɗigo duk bayan santimita 2, ki fara daga kusurwa. A gefen ƙasa ki fara tsallake santimita 1, sannan ki ci gaba da ɗigo duk bayan 2. Ki haɗa na sama da na ƙasa da rula, layin ya riƙa zuwa yana dawowa kamar haƙoran zarto. Ziri 20 masu kusurwa uku za su fito, duk kansu ɗaya, sai rabi-rabi guda biyu a gefe da za ki ware. Da reza za ki yanka a jikin rular ƙarfe, don almakashi yana kauce wa layi, kuma kaucewar milimita ɗaya ma sai ta nuna a jikin dutsen.

Takardar rubutu ta yau da kullum kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Ziri ɗaya a tsinken sakace mai kaurin milimita 2 zai ba ki dutse mai ƙibar milimita 6 zuwa 7. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: in kina son ninka ƙibar, sai kin ƙara tsawon zirin kusan sau huɗu, saboda kowane zagaye na waje ya fi na ciki cin takarda. Shi ya sa in dunƙulallen dutse kike so, ki yi gindin santimita 1, ki ɗora ziri uku kan juna ki naɗe su tare, zai kai wajen milimita 11. Takardar mujalla ta fi sirara, ita sai huɗu ko biyar.

Wurin zaɓen shafi kada hoto ya ruɗe ki. In an gama naɗi, bakin zirin kawai ake gani, ɗan siririn layi daga kowane zagaye. Launin da ke gefe-gefen zirin da tsininsa shi ne launin dutsen, na tsakiya duk ya shige ciki.

Maƙalewa a tsinke kuwa, gam ne ya isa inda bai kamata ba. Santimita 2 na farko ki naɗe su a bushe, ki matse sosai. Daga nan ki ja siririn layin gam a tsakiyar zirin da bakin wani tsinken, ki ci gaba da naɗi kina lura tsinin yana tafiya daidai tsakiya. In ya fara karkata, ki sassauta zagaye biyu ki gyara tun gam bai kama ba. Santimita 4 na ƙarshe su ke son gam har bakin tsini. Ki danne da yatsa ki ƙirga ashirin, ɗan abin da ya tsattso ki shafe shi a jikin dutsen. Takarda mai sheƙi ba ta shan gam da wuri, shi ne dalilin ɗagowar bakin da kike gani, don haka ita ki ƙirga arba'in. Gam ɗin nan mai kama da man leɓe ba ya riƙe irin wannan aiki, ki bar shi. Kina gamawa ki murza tsinken baya kaɗan ki zare, ki bar dutsen ya kwana kafin ki shafa masa komai.

Malam Mai Kwali:

Malama, sannu da ƙoƙari. Tsagewar da gantsarewar duk uwarsu ɗaya. Takardar da inji ya yi tana da kwanciya, kamar yadda katako yake da ita: 'yan zarurrukan da aka yi ta da su yawanci sun fuskanci gefe ɗaya. In ninki ya bi kwanciyar, sai ya tafi sumul. In ya gicciye ta, karya zarurrukan kike yi, fuskar kwalin ta dare, farin da ke ƙarƙashin launin ya bayyana. Gane ta ba wuya. Ki lanƙwasa kwalin a hankali ta tsawo, ki sake, ki lanƙwasa ta faɗi. Wanda ya fi yarda ba gardama, kwanciyar ta bi wannan lanƙwasar.

Yawancin takarda A4 kwanciyarta ta bi tsawo ne. Ma'ana, in kika ninka A4 ɗungum gida biyu, kin gicciye. Amma in kika raba ta biyu da reza, kowane rabi ya zama A5, santimita 14.8 da 21, sannan kika ninka rabin, ninkin ya bi kwanciya. Katin zai fito A6, santimita 10.5 da 14.8, kuma ambulan ɗinsa C6 ne, santimita 11.4 da 16.2. Kati biyu ke nan daga kwali ɗaya, masu kyan ninki. Duk da haka ki gwada kowane sabon ƙunshi, don kwali mai kauri wani lokaci akan yanka shi ta ɗaya gefen.

Nauyi ma yana da muhimmanci. Lambar da ake rubutawa a jikin ƙunshi nauyin murabba'in mita ɗaya ce, a giram. Gangar jikin kati tana son 220 zuwa 300. Ƙasa da 200 ba ya tsayuwa da kansa idan an ɗora masa ado. In ba a rubuta ba, A4 kashi ɗaya cikin 16 ce na murabba'in mita: ki auna falle goma a sikeli, ki raba da 10, ki ninka sau 16. Takarda mai lamba 80 falle ɗaya giram 5 ne, mai 250 kuwa ya ɗan haura giram 15.

Kwali mai wannan kauri ba a ninka shi haka kawai. Ki auna tsakiya, santimita 10.5, ki ɗora rula, ki ja layi sau biyu da biron da tawadarsa ta ƙare ko bayan wuƙar tebur. Dannawa za ki yi, ba yanka ba. Ki shimfiɗa falle uku ko huɗu na tsohuwar takarda a ƙasa don layin ya samu wurin nutsewa. Bayan kin ninka, ki ɗora farar takarda a kai ki goge da bayan cokali, kada kwalin ya yi sheƙin goga.

Gantsarewa kuma aikin ruwa ne. Farin gam ruwa ne ya yi masa yawa, takarda tana sha sai ta kumbura, kuma ta fi buɗewa ta gicciyen kwanciyarta. Kin manna ta a kumbure, tana bushewa ta tsuke, ta ja fuskar katin. Ga faffaɗan abu ki yi amfani da tef mai gam ciki da waje. In dole sai farin gam, ki sa shi a gefe-gefe kawai, siriri, milimita 3 daga baki, ki daidaita kwanciyar takardar ado da ta katin, ki danne ƙarƙashin littattafai masu nauyi ya kwana. Ni a ganina ya fi kyau a haɗa adon duka a wani falle daban mai santimita 9.9 da 14.2, sai ya bushe a manna shi, ya bar gefen milimita 3 ta kowane ɓangare. In aka yi kuskure fallen kawai aka yi asara.

Yaya Mai Ado:

Anti ta gama magana kan naɗi, ni kan danƙon nan zan tsaya, don nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa bayan sun sha wahalarsa. 'Yar'uwa, farin gam ba ya hana ruwa. Ko ya bushe ƙayau, danshi na taɓa shi sai ya koma fari ya yi laushi, abin da kike gani ke nan. Amfaninsa shi ne shafi na farko: cokali biyu na gam, ɗaya na ruwa, ki shafa sau ɗaya da ƙaramin buroshi don ya toshe ƙofofin takardar ya ƙara mata tauri. Abin da ke tare gumi banish ne, wato man ƙyallin da ake shafa wa katako. Ki nemi wanda ake wanke buroshinsa da ruwa, shi ke bushewa garau. Mai mai yana shiga takarda ya duhunta ta, kuma yana komawa rawaya da daɗewa. Jan farce marar launi zai yi wa 'yan kunne guda biyu, amma sinadarinsa yana iya narkar da tawada, sai an gwada a guntu tukuna.

Wasu suna zura duwatsun a zaren kamun kifi su tsoma gaba ɗaya. Yana da sauri, kuma yana shiga har cikin ramin, amma ni ban cika son sa ga mai koyo ba: duwatsun suna manne wa juna, ɗigo ya taru a ƙasan kowanne, ramin ya toshe. In za ki tsoma, ki rataye zaren a tsaye, bayan minti 10 ki ɗauke ɗigon da bakin buroshi, bayan awa ɗaya ki raba su ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da ta fi tsafta ita ce kowane dutse a kan tsinkensa, a soke a jikin soso, a shafa siriri sau uku, a bar aƙalla awa 2 tsakanin shafi da shafi. Kada ki manta da bakin ramin ta ɓangare biyun, ta nan gumi ke shiga. Kada ki girgiza gwangwanin, juyawa ake yi a hankali, in ba haka ba kumfa ce za ta bushe a jikin dutsen. In kika ga ya yi hazo-hazo, ko shafin ya yi kauri ko iskar wurin tana da danshi. Bushewar taɓawa daban, ƙeƙashewa daban, ki ba su mako guda kafin su shiga leda ko su hau wuya, don in an tara su da wuri sai su like.

Wurin shiryawa, abin hannu ki auna wuyan hannu ki ƙara santimita 1.5 zuwa 2, ki yi da zaren roba mai kaurin milimita 0.8. Ki ja shi sau da yawa ya gama miƙewa kafin ki zura, in ba haka ba zai saki daga baya. Ki sa ƙananan duwatsun gilashi tsakanin na takardar, suna rufe ramin, suna hana baki cin baki, kuma suna ba sarƙar ɗan nauyin da za ta kwanta a jiki, don takarda zalla tashi take yi. Ƙugiyar 'yan kunne ki guji mai ƙarfen nikel, tana sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi.

Mai Koyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: zan iya buga zanen da nake so a firinta in yanka? Jarida fa?

Anti Mai Duwatsu:

Za ki iya, amma ki san irin firintar. Mai tawadar ruwa, gam na taɓa bugun sai launin ya zuba, baƙi ya shiga ja. Mai amfani da gari ba ta zuba, don zafi ne ya narkar da garin ya like, sai dai in naɗin ya matse ƙwarai yakan ɗan fashe. Gwajin minti ɗaya ne: ki jiƙa yatsa ki goga a kusurwar bugun. In ya biyo yatsan, ki bar shi ya kwana, ki fesa masa banish na fesawa sama-sama sau biyu a wuri mai iska, sannan ki yanka. Kuma tunda baki kawai ake gani, ba sai kin ɓata tawada a shafi duka ba. Farar takarda ma ta isa: bayan kin yanka, ki bi gefe biyu na zirin da maka, wato alƙalamin launi, wadda ruwa ba ya wankewa, faɗin milimita 3, tsinin kuma ki cike shi duka.

Jarida tana naɗuwa da daɗi, amma tana yin rawaya in haske ya daɗe yana dukanta, saboda wani sinadarin itace da ba a cire mata ba, kuma tawadarta tana baƙanta yatsu ta ɓata dutsen. In da ita za ki yi, ki naɗe, ki shafa farin fenti siriri, ya bushe, ki sa launin da kike so, sannan banish. Ita ma ki yanka zirin ta yadda naɗin zai bi inda takardar ta fi yarda ta lanƙwashe, kamar yadda Malam ya nuna a kwali. In kika ji tana turjiya tana yin kusurwa-kusurwa maimakon zagaye, ki juya shafin ki yanka ta ɗaya gefen.