Tiyoyin iskar injin Golf sun hargitse bayan wanke kafireta

Direba daga Ringim:
Assalamu alaikum. Tun da aka wanke kafiretar motata, Golf 2, aka mayar da siraran tiyoyin iska, injin yake karkarwa a silo, birki kuma ya yi tauri. Yaya zan gane mahaɗin kowane tiyo?

Bakanike daga Gumel:
Wa alaikumus salam, Malam. Taurin birkin nan shi ya fi damuna, kada ka ɗauki fasinja tukuna. Tiyo mai kauri da ke zuwa tukunyar birki, wato wadda ke sauƙaƙa wa ƙafa taka birki, dole ne ya fito kai tsaye daga manifol, bututun da ke kai iska da fetur daga kafireta zuwa cikin injin, kuma yana da bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya, wanda idan aka juya shi birki ba zai samu taimakon injin ba. Siririn tiyon distiributa, mai rarraba wuta ga fulogogi, shi kuwa a jikin kafireta yake shiga.

Wani daga Dambatta:
Bakaniken Gumel ya yi gaskiya. Ka tayar da injin, ka saurari inda iska ke tsuwa, sannan ka lanƙwasa kowane tiyo ka duba, domin zafin rani yana tsattsaga roba. Wanda ya tsage a sauya shi, kada a naɗe shi da leda.