Koma wa Universal Credit a Birtaniya: kuɗin mai naƙasa zai ragu?

Maman Hanan: Assalamu alaikum. Mai naƙasa da ke karɓar ESA (tallafin waɗanda rashin lafiya ko naƙasa ta hana su aiki) haɗe da ƙarin nan na SDP (ƙarin masu naƙasa mai tsanani), wasiƙar DWP (ma'aikatar da ke biyan tallafi) ta zo ta ce ya koma Universal Credit, sabon tsarin tallafi. An ce sabon tsarin babu SDP a cikinsa. Kuɗinsa zai ragu ke nan?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne babu SDP, amma akwai ciko. DWP za ta duba abin da yake samu a tsohon tsari da abin da zai samu a sabo, in na sabon ya gaza sai ta cike giɓin. Sharaɗin shi ne ya nema cikin wata uku da wasiƙar ta ba shi. Ranar ƙarshe tana rubuce a jiki, a kewaye ta da biro. In rashin lafiya za ta hana shi, a kira lambar da ke kan wasiƙar a roƙi ƙarin lokaci tun kafin ranar ta cika. Wanda ya makara yana da sauran wata ɗaya kacal, bayan nan cikon ya tafi.

Idan yana rukunin waɗanda aka ɗauke wa neman aiki a ESA, matsayin zai bi shi, ba sai an sake gwada shi ba. PIP ɗinsa, wato tallafin naƙasa da ake biya daban, kuma ba a taɓa shi.

Anti Rakiya: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai a sani cikon nan zaizayewa yake yi, kuma nan ne abin ke min ciwo. A ce cikonsa fam 100 ne a wata, sai mai gida ya ƙara haya da fam 30. Kason haya na Universal Credit zai hau da 30, ciko ya sauko 70. Abin da ke shiga asusu bai motsa ba, alhali haya ta ƙaru. Haka ƙarin da ake yi duk Afrilu yake cinye shi. Amma ƙarin kuɗin renon yara ba ya rage shi. Cikon kuma yana yankewa gaba ɗaya in mutum ya tare da mata ko miji, ko suka rabu, don haka a nemi shawara kafin a sauya zama.

Malam Sabo: Ƙwarai, Anti. Sai batun jira: biyan farko yana ɗaukar kusan mako biyar. ESA da tallafin haya na tsohon tsari za su ci gaba mako biyu bayan an nema. Ana ba da rance, amma cirewa za a riƙa yi har tsawon wata 24, kada a karɓi fiye da buƙata.

Ɗan Zazzau: Hajiya, a adana wasiƙar ESA ta ƙarshe mai nuna SDP. Ranar da bayanin biyan farko ya fito, a ajiye su gefe da gefe a duba layi-layi. In ba a ga cikon ba, ko lissafin bai yi daidai ba, a rubuta a shafinsa na Universal Credit a intanet a nemi a sake duba hukuncin cikin wata ɗaya, in sun ƙi a ɗaukaka ƙara. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice suna taimakawa da cike takardun kyauta.